Yadda za ka gane ko idon sawu ne ko kwatangwalo ke gajarta maka taku

Duk wanda ya zo mini da kukan ciwon gwiwa ko na baya, sai na sa shi ya cire takalmi ya yi tafiya a gabana kafin in taɓa inda yake nunawa. Sau da yawa gaɓar da ta sage ba ta ciwo, maƙwabciyarta da ke ɗaukar mata aiki ce ke shan wuya.

Fara da idon sawu. A kowane taku sai ƙwauri ya rusuna gaba kamar digiri 10 kafin diddige ya bar ƙasa. In agara ta ɗaure, diddigen zai ɗaga da wuri, ƙafar ta juya waje, gwiwa kuma ta riƙa karkata ciki. Ka tsaya gaban bango, babban yatsan ƙafarka na nesa da shi kamar santimita 10, ka tura gwiwa ta taɓa bangon ba tare da diddige ya ɗaga ba. Gwada dama, gwada hagu. Ni bambancin da ke tsakanin ƙafafun biyu ya fi damuna a kan yawan santimitar. Wadda ta gaza, ka ja ta baya, ka dafa bango, diddige a ƙasa, ka riƙe daƙiƙa 30 gwiwa a miƙe, sannan wasu 30 gwiwa a ɗan lanƙwashe.

Kwatangwalo kuwa aikinsa shi ne barin cinya ta wuce bayan jiki, digiri 10 zuwa 20. Teloli da direbobi da 'yan acaɓa, masu wuni a zaune, su ne wannan ya fi kamawa. Takunsu kan gajarta, ƙugu ya riƙa lanƙwasawa don cike gurbin, da yamma kuma a ce baya na ciwo. Kwanta rigingine a bakin gado, ka rungume gwiwa ɗaya a ƙirji, ka saki ɗaya ƙafar. In cinyar da ka saki ta tashi daga katifa, naman gaban kwatangwalon ya takure. Sai ka durƙusa da gwiwar wannan ɓangaren a kan abu mai laushi, ɗaya ƙafar a gaba, ka matse ɗuwawu, ka tura ƙugu gaba a hankali. Matsewar nan ce mutane ke mantawa, sai bayansu ya lanƙwashe, cinyar ba ta miƙe ba. Daƙiƙa 30, sau 3, kullum, kuma a ba shi makonni.

Kada ka manta babban yatsan ƙafa. Ja shi sama da hannu. In ya ƙi, shi ma yana sa mutum takawa da gefen ƙafa.

Amma in gaɓar ta kumbura, ko ta yi zafi, ko ciwon na hana barci, ko bayan faɗuwa ya soma, a bar miƙewa a tafi asibiti. Mai sikila da kwatangwalonsa ya fara ciwo, ina roƙonsa ya je a ɗauki hoton ƙashin tun da wuri, domin rashin isar jini zuwa ƙashin kan lalata kan ƙashin cinya.