Yadda ake tsintar halittun teku a kan tudun Wren's Nest

Ranar da na fara zuwa Wren's Nest, a garin Dudley kusa da Birmingham a Ingila, da guduma na tafi a jaka. Kada ka yi irin nawa. Wurin yana ƙarƙashin kariyar hukuma tun 1956, an hana fasa dutse ko ɓamɓarar jikin bango. Abin da ya faɗo ƙasa da kansa, shi ne rabonka.

Da can nan ake haƙar dutsen farar ƙasa ana kai wa masu narka ƙarfe, har aikin ya tsaya wajen 1925. Tudun kuwa, fiye da shekara miliyan 420 da suka wuce, ƙasan teku ne mai ɗumi mara zurfi, kuma ragowar halittunsa da suka zama dutse su ake tsinta a nan. Ɗaga kai ka dubi bangon da ya jingine, za ka ga sawun igiyar ruwa kwance a jikinsa, kamar yashin rafi bayan ruwa ya janye.

Ka je washegarin ruwan sama, lokacin da tsakuwa ta wanku. Sa takalmi mai tudun ƙasa, don gangaren akwai santsi. Riƙe tsohon buroshin haƙori da takardar jarida ta naɗe abin da ka samu.

Sai babban sirrin: tsuguna. Mai tsaye ba ya ganin komai. Nemi tarin ɓaraguzai a gindin gangare, zauna wuri ɗaya, ka riƙa juya duwatsu ɗaya bayan ɗaya. Minti goman farko duk toka-toka za ka gani, daga nan ido ya saba. Masu kama da ƙwayar carbi mai huda a tsakiya, gaɓoɓin wata dabba ce mai siffar fure. Mai ramuka kamar saƙar zuma, murjani ne. Ƙananan ɓawo masu zane kamar mafici kuwa sun fi komai yawa.

Tsofaffin ramukan haƙar dutse da ake kira Seven Sisters an kewaye su da shinge saboda ruftawa. Leƙa daga nesa, ka wuce.

Kowa burinsa "ƙwaron Dudley", wato tirilobayit, wata tsohuwar halittar teku mai jiki gaɓa-gaɓa, wanda masu haƙar dutse suka riƙa sayarwa, har ya hau tambarin garin. Cikakkensa sai mai babban rabo. Ni sai a zuwa na huɗu na tsinci wutsiyar ɗaya, ba ta kai farcen babban yatsa ba. Ita da murjani biyu kawai na kawo gida, sauran na mayar inda na same su.