Sabon ɗalibi a ATBU: ga inda za ka nufa in abu ya cushe maka

Ƙannena da kuka samu gurbi a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) Bauchi bana, barka da arziki, Allah ya sa a gama lafiya. Taimako kam akwai shi a makarantar nan, amma fa ba mai biyo ka ɗaki da shi, kai za ka taka da ƙafarka.

Da farko ka san inda sashenka yake, harabar Yelwa ko ta Gubi, tun kafin ka biya kuɗin haya. Gubi na can wajen gari, wanda ya kama ɗaki a unguwar Gwallameji ta wajen Yelwa alhali lakcarsa a Gubi take, kuɗin mota kaɗai ya ishe shi kuka.

Sai lebul kodineta, wato malamin da sashe ya ɗora a kan 'yan ajinku. Don Allah ku neme shi a satin farko, kar ku tsaya jin kunya. Shi zai faɗa maka kwasa-kwasan da suke dole da na zaɓi da adadin yunit ɗin da za ka ɗauka, shi ne kuma zai sa hannu a fom ɗinka. Abin da ke damuna shi ne yaro ya je kafe ya miƙa wa mai kwamfuta faswod ɗinsa ya koma gefe yana danna waya, shi kuma ya cike masa yadda ya ga dama, a sha wahalar karatu da jarabawa sai sakamako ya fito a ce ai ba ka yi rajistar kwas ɗin ba, shikenan ya zama kariyoba, wato kwas ɗin da sai ka maimaita, ba gaira ba dalili. Ka zauna kusa da mai kwamfutar, idonka a kan allon, lambar waya da imel su zama naka. Risit ɗin biyan kuɗi na Remita da fom ɗin da aka sa wa hannu kuwa ka yi fotokwafi, ka ɗauke su a waya, asalin ka adana a fayil ɗin roba a ƙasan akwati.

In kuɗi ne matsalar, akwai bashin NELFUND da gwamnatin tarayya ta fara a 2024, babu ruwa a kansa, suna biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, wanda ya nemi na ɗawainiya kuma naira 20,000 ne duk wata. Ka tanadi NIN da BVN da lambar JAMB, sannan sunanka ya zo iri ɗaya a dukkansu. Bashi ne dai, a yi shawara da iyaye tukuna. 'Yan jihar Bauchi ku riƙa bibiyar sanarwar hukumar tallafin karatu ta jiha.

Ku buɗe kati a asibitin makaranta tun kuna da lafiya, musamman masu sikila ko asma. In ciwo ya kama ka lokacin jarabawa can za ka je a ba ka takardar shaida, ta kemis ba ta aiki.

Maganar hostal ko wani yana takura miki, ƙanwata, ofishin kula da harkokin ɗalibai za ki je, kar ki bar shi a ciki. Lissafi da fizis na aji ɗaya kuma suna ba mutane mamaki, ku tambayi yayyenku 'yan aji biyu inda ake tutoriyal, su MSSN, ƙungiyar ɗalibai Musulmi, kan shirya, ku karɓi tsofaffin tambayoyi a hannunsu tun samista ba ta yi nisa ba.