Shawara ga masu zuwa yawo Ada Foah

Jama'a duk mai shirin zuwa Ada Foah a Ghana, inda kogin Volta ke shiga teku, don Allah ku fita tattaki tun bayan asuba, domin da ƙarfe 10 ta yi yashin bakin tekun nan sai ka ce garwashi. In za ku gangara wajen tafkin Songor inda ake haƙar gishiri kar ku sa silifas, laka ce za ta cinye shi, ni dai ƙafa ɗaya na baro can wallahi. Kambas, gorar ruwa, maganin sauro. Kuma ku tambayi masunta yaushe ruwa ke cikowa, hanyar da kuka bi da safe tana iya nutsewa kafin ku juyo.