Yadda ake soya habbatus sauda don girki ba tare da ta yi ɗaci ba

Yawancinmu a matsayin magani muka san habbatus sauda, saboda hadisin da Bukhari ya ruwaito cewa waraka ce daga kowace cuta ban da mutuwa. Amma a Turkiyya a kan gurasa suke barbaɗa ta, a Indiya kuma, inda ake ce mata kalonji, tana cikin kayan miya. Duk wadda na koya wa sa ta a girki, a wajen suya take samun matsala.

Ki sayi ƙwayar, kar ki sayi gari. Garin, ba ki san tun yaushe aka daka shi ba. Kusan kashi 1 bisa 3 na ƙwayar nan mai ne, shi ya sa da an daka ta ta jima take canja wari. Ki tsince tsakuwa, ki sheƙe.

Sai suya. Riɗi idan ya soyu za ki ga ya yi ja, amma ita baƙa ce tun asali, ido ba zai gaya miki ta ƙone ba. Ni kaina sau biyu ina zubar da miyar taushe saboda haka. Ɗora busasshen kasko a wuta kaɗan, babu mai, ki zuba babban cokali 2 kawai. Kar hannunki ya bar juyawa. Cikin minti 2 za ki ji tana ɗan tsatsat, ƙamshi kamar na soyayyar albasa da masoro ya taso. Nan take ki juye a faranti, don in kika bar ta a kaskon, zafinsa zai ƙarasa ƙona ta. In kika ji ƙauri, zubar kawai, babu gyara. Yawan zafi yana rage timokwinon, sinadarin da ake nemanta dominsa. Akwai furotin da sinadarin ƙarfe da kalsiyam a cikinta, sai dai ɗan abin da ake ci ba zai maye gurbin wake ko ganye ba.

Idan ta huce ki ɗan farfasa a turmi, ki adana a kwalba mai murfi. Rabin ƙaramin cokali ya ishi tukunyar mutum 6, kuma daf da saukewa ake zubawa. Ta fi dacewa da farfesu da ƙwaɓin alkubus. Mai juna biyu ta tsaya a iya ɗan na girkin nan.