Yadda ake hana korniyar lanƙwashewa a sharpant ɗin rufi

Ɗauki dogon karan gero, ka kafa shi a ƙasa, ka danna da tafin hannu. Kafin ya karye sai ya yi ciki ya baje gefe. Ka sa yaro ya riƙe tsakiyarsa, ka sake dannawa, za ka ji ya yi tauri. Haka korniyar take, wato ƙarfen nan mai kusurwa da masu walda a Damagaram ke haɗa sharpant, ƙarafan da ke ɗauke da rufi, da shi. In ja ake yi tana da ƙarfi sosai, in kuwa danna ta ake yi, tsawonta ne ke cin ta.

Fara da rarrabe ƙarafan. A kan zanen, ko a ƙasa inda aka shimfiɗa sharpant ɗin, sa alli a kan duk wanda nauyin rufi ke dannewa: na saman nan da ke bin gangaren kwano, da wasu daga cikin na tsakiya.

Sai awo. Korniyar guda ba ta lanƙwashewa ta fuskar ɗayan kafaɗunta, wato ɓangarori biyun da suka haɗu a kusurwar, ta karkace take tafiya, don nan ne rauninta. Ƙa'idar da injiniyoyi da yawa ke bi, in aka sauƙaƙa ta, ita ce kada tazarar da ba ta da madogara ta kai faɗin kafaɗa sau 40. Mai 40×40×4 ke nan (faɗin kowace kafaɗa milimita 40, kauri milimita 4) kada ta wuce wajen mita ɗaya da rabi, mai 50×50×5 kuma ta tsaya ƙasa da mita 2. Wannan iyaka ce kawai. Nauyin da za ta ɗauka lissafin injiniya ne, musamman in rufin makaranta ne ko masallaci.

In ta zarce, ba dole sai an sayi mai kauri ba. Raba tsawon gida biyu da madogara a tsakiya, ƙarfin da take jurewa kafin ta lanƙwashe zai iya ninkawa har sau huɗu. Masanin lissafi Euler ya fitar da lissafin tun 1744. Madogarar ba ta buƙatar girma, kusan kashi 2 cikin 100 na ƙarfin da ke danna korniyar ya ishe ta. Abin da take buƙata shi ne wurin jingina. A nan ake yawan faɗuwa: ƙarafan da ake ɗora kwano a kansu suna haɗa sharpant da sharpant, amma in babu gicciye, duka za su kwanta gefe guda tare. Saboda haka a ɗaure aƙalla tazara guda da ƙarafa biyu a gicciye, sauran su jingina da ita. A kuma riƙe korniyar ta fuskoki biyu, don riƙon gefe ɗaya ba ya hana ta zamewa ta karkace.

Bakunan ma a kula da su. Kafaɗa ɗaya kawai ake kamawa, nauyin bai bi tsakiyar ƙarfen ba, dama can yana neman murɗe ta. Bulon guda, wato ƙusa mai noti, yana barinta ta juya kamar ƙyaure. Sa biyu a kan farantin haɗi, ko a yi walda ta gefe biyu na kafaɗar, ba ɗigo-ɗigo ba.

Kada a manta da ƙarfen ƙasan sharpant ɗin. Iskar farkon damina, wadda ke tasowa daga gabas da jan ƙura, tana ɗaga kwano sama, sai aikin ya juye, ƙarfen da ake ja ya koma ana danna shi. Na ga wata rumfa a Sabon Gari da safe bayan irin wannan hadari: kwanon nan lafiya lau, amma na ƙasan ya yi baka, fenti ya tsattsage a tsakiyarsa. Dogon ƙarfe guda da zai bi ta ƙasa ya haɗa sharpant ɗin duka, ya ƙare a wurin gicciye, da ya hana.

Kafin a hau da kwano, ja igiya daga baki zuwa bakin kowace korniyar. Wadda ta tanƙware tun a kan amalanke, a miƙe ta ko a yanka ta gajeru.