Kurakuran da aka fi yi wajen ajiye kafsul ɗin kafe a ƙaramin kicin

'Yan uwa, maganar nan ta daɗe tana cina, dan ko satin da ya wuce sai da na shiga kicin ɗin wata ƙawata a Yelwa nan Garwa na tarar ta jera kafsul ɗinta, 'yan ƙananan kofunan nan rufaffu masu garin kafe da ake sakawa a injin kafe, a kan wani ƙarfe mai juyawa dab da murhun gas, ga tukunyar miya tana tafasa tururi yana bugun su, ita kuma tana min ƙorafi wai kafen ya daina ƙamshi kamar da. Kafsul ɗin nan tsada ne da shi, yawancinmu sai an aiko mana daga Yawunde ko Duwala, ya hau jirgin ƙasa zuwa Ngawundere sannan ya biyo mota, to abin da ya sha wannan tafiya bai kamata ya zo ya lalace a hannunmu ba. Kicin ɗinmu kuma na gidan haya kun san shi, mutum biyu in suka tsaya a ciki sai ɗaya ya fita.

Babban kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya sayi abin ajiya kafin ya san wane irin kafsul ne injinsa yake ci. Ba duka ɗaya ba ne wallahi. Na Nespresso irin na asali ƙanana ne, bakinsu bai kai santimita 4 ba, na Vertuo kuwa masu faɗi ne kamar rabin ƙwallo kuma su kansu girmansu ya bambanta, na Dolce Gusto roba ne sun fi na asalin faɗi sosai, bakin ya haura santimita 5, sai na Senseo da ma shi ba kafsul ba ne, ɗan fai-fai ne na takarda mai laushi. Sai ki ga mace ta ga abu ya yi mata kyau a Facebook ta tura kuɗi, in ya iso ramukan sun yi wa nata kafsul kaɗan ko sun yi yawa suna zubewa ta ƙasa. Gyaran mai sauƙi ne, ki saka kafsul ɗaya a jaka ki je da shi shago ki gwada da hannunki, in kuma aike ne ki ɗauki hoton kwalin ki tura wa wanda zai sayo. Akwai kuma masu sayen allon maganaɗisu su ce za su manna kafsul a jikin firij. Na Nespresso alminiyum ne, maganaɗisu baya kama alminiyum, roba ma haka, sai dai irin wanda shi abin riƙon ne yake da maganaɗisu a bayansa kafsul ɗin kuma yana zamewa cikin layi.

Sai rashin awo. Durowar nan ta ajiye kafsul da ake ɗora inji a kanta ita ce ta fi dacewa da ƙaramin wuri dan bata cin fili ko kaɗan, wurin da injin yake zaune nan take zaune, amma tana ɗaga injin sama, in akwai kabad a saman teburin sai ki zo ɗaga hannun injin ki saka kafsul ki ji ya daki katako, ko tankin ruwan ya ƙi fita sai kin jawo komai gaba. Ari tef a wurin tela, ki auna tsayin injin hannunsa a buɗe, ki haɗa da tsayin durowar, sannan ki duba in an jawo ta gaba bata tokare ƙofa ba.

Yanzu bari in zo kan zafi, dan nan ne muka bambanta da mutanen da ake ɗauko hotunan kicin ɗinsu a intanet. Su ƙasarsu sanyi, mu kuwa watan Maris da Afrilu a Garwa ko Marwa ko Njamena zafi yana haura digiri 40 a inuwa, balle kicin mai rufin kwano da tsakar rana ga wuta a kunne. Kafsul a rufe yake iska bata shiga, gaskiya ne, amma zafi yana ratsa shi, ƙamshin kafe kuma a cikin mai yake, man nan in ya daɗe cikin zafi sai ya canza ɗanɗano. Na madara irin na kafucino sun fi saurin nuna alama. Dan haka kusa da murhu, saman firij inda zafin bayansa yake tasowa, bakin taga inda rana take faɗowa da hantsi, kantar da take can sama dab da kwano, duk ki cire su daga lissafi. Ki nemi wuri ƙasa-ƙasa mai duhu a jikin bangon da rana bata duka. Ni nawa ma ba a kicin suke ba, na sati ɗaya kawai nake ajiyewa kusa da inji, sauran suna cikin kabad ɗin ɗaki.

Zafin nan dai shi yake kayar da masu gam. Akwai wani siririn abin jera kafsul da ake mannawa a bango ko ƙarƙashin kabad, dabara ce mai kyau sosai ga wanda bashi da fili, nima na taɓa saka shi a cikin ƙofar kabad da sanyi ya zauna daram, ana shiga bazara gam ɗin ya narke na wayi gari kafsul a warwatse a ƙasa guda uku sun lotse. Kafsul in ya lotse a baki injin baya huda shi daidai, ruwa sai ya bi ta gefe ki samu kafe tsararo. In za ki saka irin wannan ki kira kafinta ya ɗaure shi da ƙananan sukuru a cikin ƙofar kabad ɗinki, ba a bangon mai gida ba, kin huta da rigimar ƙusa ranar tashi.

To wasu da suka ji maganar zafi sai su ce bari su saka a firij. A'a 'yar uwa. Firij ɗin da yake cike da ruwa da zoɓo da ragowar miya ina ma fili, kuma ga ɗauke wuta, yanzu ya yi sanyi anjima ya huce, duk abin da yake ciki sai ya yi zufa. Kafsul na alminiyum zufar a waje take tsayawa amma kwalin yana jiƙewa ya yi hunhuna, na takarda irin Senseo da garin kafe da aka buɗe kuwa kai tsaye suke shan laimar.

Garin kafe ma bari in faɗi nasa tunda da yawanmu muna haɗawa da shi, musamman na gida Kamaru, arabika daga wajen Bafusam da Bamenda, robusta daga wajen Nkongsamba. Kafe yana jan wari kamar me. Ki ajiye buɗaɗɗen ƙunshi kusa da daddawa ko busasshen kifi ko yaji kwana biyu, za ki ji su a kofinki. Turaren wuta ma haka. Gwangwanin madara da aka wanke ya bushe sarai mai murfi da yake kamawa gam ya wadatar, ya fi kwalbar gilashi dan haske baya shiga, na takardan ma haka za ki yi musu da zarar kin yage ledar.

Abin jera kafsul mai juyawa da wanda yake kamar bishiya, ban hana kowa ba amma ni bana son su a ƙaramin kicin. Suna cin wurin da za ki ajiye faranti ki yi yanka, kuma lokacin hazo daga Disamba zuwa Fabrairu kwana ɗaya ya isa ƙura ta rufe su, ƙurar nan da take kan murfin kafsul ita ce za ta shiga cikin injin. Kwando buɗaɗɗe ma haka, ƙari a kai na ƙasa suna shan nauyi, kuma kullum na sama kike ɗauka na ƙasan su shekara ba a taɓa su ba. Gaskiyar magana kwalin da suka zo a ciki yana daga cikin mafi kyawun ma'aji, na Nespresso guda 10 ne a siririn kwali da bai kai tsawon rular 'yan makaranta ba, ki kwantar da huɗu ko biyar a durowar cokali ko ki tsayar da su a lungun kabad, kwanan wata yana jiki, sunan kowane iri yana jiki. In kina son abin ratayewa, tela zai ɗinka miki yadi mai aljihu-aljihu da ragowar atamfa ki rataye a bayan ƙofa, a yi masa marufi saboda ƙura.

Sai tara kaya. Saboda samun sa da wuya, in aka samu mai zuwa daga kudu sai mu ce a sayo da yawa, daga nan sai a fara neman abin da zai ɗauki 60 ko 80 alhali gidan mutum biyu ne. Ki yi lissafi tukuna. Kofi biyu a rana kafsul 14 kenan a sati, abin da zai zauna kusa da inji bai wuce haka ba. Masu Dolce Gusto ku tuna kwali mai 16 na irin kafucino kofi 8 ne kawai dan biyu ake sakawa, ɗaya na madara ɗaya na kafe, kuma kar ki juye su wuri ɗaya ki cakuɗa, za ki ƙare da na madara zalla babu abokan haɗi. Sabon kwali ya koma baya, tsohon ya dawo gaba. Kwanan watan da aka rubuta a jiki na inganci ne, in ya wuce kaɗan kuma murfin bai huje ba ƙamshi ne yake raguwa, amma na madara ni bana wasa da nasu kwanan.

Wanda kusan kowa yake mantawa shi ne wurin kafsul ɗin da aka riga aka sha. Suna faɗawa cikin ɗan akwatin injin a jiƙe da ɗumi, a zafin nan namu ko damina irin ta Ngawundere kwana kaɗan sun yi hunhuna, na madara kuma su kira kiyashi da kyankyaso har cikin injin. Ki zubar kullum da yamma ki ɗauraye akwatin ki kife shi ya bushe. In kina da shuka a tsakar gida ki yanke murfin da wuƙa ki kwashe garin ki shanya a faranti, in ya bushe ki barbaɗa kaɗan a gindin shukar ki gauraya da ƙasa, kwanson kuma ki ɗaure a leda ki ajiye inda yara ba za su kai ba, dan bakin alminiyum ɗin da aka yanke yana da kaifi.