Darasi na 9: Ramin da Ruwa Ya Haƙa

Mutumin Jos ba a koya masa rami. Daga Bukuru zuwa Barkin Ladi, duk inda ka waiga akwai kududdufin da haƙar kuza ta bari tun zamanin Turawa, ga kuma ramukan loto da matasa ke shiga da igiya har gobe. Waɗannan duka hannun mutum ne ya haƙa su. Darasinmu na yau a kan wani rami ne dabam, wanda babu diga babu shebur a aikinsa. Ruwan sama ne ya haƙa shi a cikin dutsen farar ƙasa, wato dutsen nan da ake ƙonawa a yi siminti. Bakinsa yana kallon sama, da igiya ake sauka, a can ƙasa kuma sai mutum ya tarar da hanyoyi da ɗakuna sun miƙa ta ko'ina. Fasalinsa kamar na tulu ne, ƙaramin baki, faffaɗan ciki.

Ba za ka sami irinsa a duwatsun Shere ba, ko a Riyom, ko a Zuma da Aso na wajen Abuja. Waɗannan duwatsu ne masu tauri, irin waɗanda ake fasawa a zuba kankare, ruwa ba ya narkar da su. Kogon da ke cikinsu yawanci tsaga ce, ko rata tsakanin manyan duwatsun da suka hau kan juna. Dutsen farar ƙasa sai ka je Ashaka a jihar Gombe, ko Kalambaina a Sakkwato, ko Gboko a Binuwai, ko Ewekoro a Ogun, ko Mfamosing kusa da Kalaba. In ka lura, duk wuraren nan akwai masana'antar siminti, kuma ba banza ba. Wanda neman abinci ya kai shi irin wannan ƙasa, ko direba ne ko mai haƙar rijiya ko manomi, ya kamata ya san abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa.

Yadda ruwa ke cin dutse

Ruwan sama in yana saukowa yakan kwashi iskar kabon, irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi. In ya ratsa ƙasa mai ruɓaɓɓen ganye sai ya ƙara kwasa. Wannan yana sa shi ya yi ɗan tsami, wanda harshe ba ya ji, amma dutsen farar ƙasa yana ji. Ruwan ya bi ƙaramar tsaga, ya narkar da ɗan kaɗan, baɗi ya ƙara, har shekaru dubbai su wuce tsagar ta zama hanyar da mutum zai bi a tsaye.

Kana iya gwada wannan da hannunka. Kankare ɗan garin dutsen da wuƙa, ka matsa masa lemun tsami. In na farar ƙasa ne za ka ga ƙananan kumfa suna tasowa. In dutsen Shere ne, sai dai ka yi asarar lemunka.

A cikin kogon, ruwan da ke ɗiga daga rufi yana ajiye ɗan abin da ya narkar, har ya zama tsinin dutse mai reto daga sama, wani kuma ya taso daga ƙasa inda ɗigon ke faɗuwa. Girmansu da nawa ƙwarai: sau da yawa santimita 10 kan ɗauki kimanin shekara 1,000. Wanda ya karya ɗaya don ya kai gida ya nuna wa yara, ya ɓata abin da jikan jikansa ba zai ga madadinsa ba.

Wasu ramukan suna da zurfin ban tsoro. A Ingila akwai Gaping Gill, inda rafi guda ke faɗawa cikin rami mai zurfin mita 98. Wani Bafaranshe, Édouard-Alfred Martel, shi ya fara kai ƙasansa a 1895, da tsanin igiya. Kogon Veryovkina da ke duwatsun Kokasas ya zarce mita 2,200 a zurfi. Kogon Mammoth a Amurka an auna fiye da kilomita 680 na hanyoyinsa. Duk waɗannan lambobi ba da ka aka faɗe su ba. Mutane ne suka ja ciki da tef da fensir, suka auna gaɓa-gaɓa suka rubuta.

Kafin a shiga

Ruwan da ya haƙa kogo bai bar shi ba, hanyarsa ce har yanzu. Ana iya yin ruwa a kan tudu can nesa, kai kana ciki ba ka ji ko tsawa ba, sai ka ga ruwa ya taso maka. Haka ta faru a ƙasar Tailan a 2018. Yara 12 'yan ƙwallo da mai horar da su suka shiga kogon Tham Luang ranar 23 ga Yuni, ruwa ya tare musu hanya. Sai ranar 2 ga Yuli masu nutso suka gano su, aka gama fito da su ranar 10 ga Yuli, kuma ɗaya daga cikin masu ceton ya rasa ransa. Taswirar da masu binciken kogo suka zana tun kafin lamarin tana cikin abin da ya taimaki masu ceto. Saboda haka, daga saukar ruwan fari har zuwa kaka, a haƙura da kogo. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ba a shiga kogo in mutane ba su kai 4 ba. In ɗaya ya ji rauni, ɗaya ya zauna da shi, biyu su fita neman taimako. Kowa da hular kwano, da takalmin roba mai riƙe ƙasa, da fitila 3: ta goshi, da tocila, da wata ƙarama a aljihu, kowace da batirinta. Fitilar waya ba ta cikin lissafi. A nemi izinin mai gari ko mai gonar, a kuma bar mutum a waje da takarda mai sunayen waɗanda suka shiga da lokacin da za su fito. In lokacin ya wuce, ba shiga zai yi ya duba ba, mutane zai kira.

Sauka da igiya sana'a ce da ake koya a hannun gwani, kuma igiyar guga ko ta ɗaurin kaya ba ta wannan aiki. Wannan littafi ba zai koya maka ita ba. Abin da masu haƙar rijiya suka sani kuwa yana aiki a nan: a wasu ramuka muguwar iska takan taru a ƙasa, domin ta fi iskar da muke shaƙa nauyi. In harshen wuta ya yi ta raguwa ko ya mutu, ko ka ji kana haki da ciwon kai alhali ba ka yi wani aiki ba, ku hau sama nan take.

Awo

Nan ne karatu da lissafin da muke koya a aji suke shigowa. Aikin na mutum 3 ne daga cikin waɗanda suka shiga: mai tef, mai kamfas (na'urar da ke nuna arewa), da mai rubutu. Ana zaɓen wani tsinin dutse a bakin kogo a kira shi tasha ta 1. Mai tef ya ci gaba har inda hanya ta karkata, ya zaɓi wani wuri da ake hango shi daga tasha ta 1, wannan ita ce tasha ta 2. Tsakanin kowace tasha da mai bi mata abu 3 ake nema: tsawo da tef, fuska da kamfas, da gangare da ma'aunin gangare.

Kamfas yana da digiri 360. Arewa 0, gabas 90, kudu 180, yamma 270. Allurarsa tana bin ƙarfe, don haka mai kamfas ya nisanta shi da waya da makulli da fitilar goshinsa, in ba haka ba ya karanta ƙarya. Ma'aunin gangare yana nuna 0 in hanya a miƙe take, 90 in rami ne tsaye. Yanzu akwai na'ura mai jan haske da ke ba da duka ukun a danna ɗaya, amma wanda bai iya da tef ba ba zai gane ranar da na'urar ta yi kuskure ba.

A cikin kogo murya tana amsa-kuwwa, ga ƙarar ruwa, shi ya sa ake maimaita kowace lamba. Ga yadda ake yi:

"Malam, daga 3 zuwa 4, tsawo mita 10 daidai."

"Mita 10 daidai. Na rubuta."

"Fuska 85."

"Yaya, 85 ka ce ko 95?"

"Takwas da biyar, 85. Gangare 30, ƙasa."

"30, ƙasa. Mu je."

Kalmar "ƙasa" ko "sama" kada a manta da ita. Wanda ya rubuta 30 kawai, in an koma gida ba mai sanin ko hawa aka yi ko sauka. Da fensir ake rubutu, domin biro yana ƙin takarda mai danshi. A kowace tasha kuma mai rubutu ya ƙara nisan bango ta hagu da ta dama, da nisan rufi da na ƙasa, ya yi ɗan zane: ga ruwa nan, ga tarin duwatsu, ga wata hanya da ba mu bi ba. A ganina aikin mai rubutu ya fi na kowa nauyi, ko da yake shi ne ba a cika yabo ba. Mai tef in ya yi kuskure ana iya gani a wurin, amma lambar da aka rubuta ba daidai ba sai an sake komawa ramin.

Tsawon tef ba shi ne zurfi ba. In gangaren 30 ne, zurfin rabin tsawon ne: mita 10 na tef sun saukar da ku mita 5. In 45 ne, kowace mita 10 ta saukar da ku kimanin mita 7. In 90 ne, tsawon shi ne zurfin. Sai a tara na kowace gaɓa, a cire inda aka yi hawa, a sami zurfin kogon daga bakinsa. A gida sai a ɗauki takarda, a sa arewa a sama, a ce kowace santimita 1 tana madadin mita 2, a ja layukan ɗaya bayan ɗaya. In kun bi hanyar da ta zagayo ta dawo tasha ta 1, amma a takarda layin bai dawo ba, akwai lambar da ta kuɓuce.

Masu gidan

Kogo ba kango ba ne. A bakinsa, inda rana ke kaiwa, za ka iya samun mujiya, da kwaɗi, da maciji, wani lokaci da ƙayar beguwa a ƙasa. Duba sawu da kashi kafin ka sa hannu a kowace rata. Can ciki, inda duhu ya yi ƙirin, tsiro ba ya fitowa, don haka duk abinci daga waje yake zuwa. Ruwa yana kawo ganye, jemagu suna kawo sauran. Jemage ya fita da dare ya ci ƙwari ko 'ya'yan itace, ya dawo ya yi kashi. Kyankyasai da gyare da ƙananan ƙwari suna rayuwa a kan kashin, gizo-gizo da shanshani suna cin su. In aka kori jemagu da hayaƙi, duk waɗannan sun rasa abinci, manomin kusa kuma ya rasa mai rage masa ƙwari.

Jemage ba makaho ba ne. Masu cin ƙwari suna fitar da siririn sauti da kunnenmu ba ya kamawa, su saurari dawowarsa, da haka suke gane bango da abin farauta a duhu. Yawancinsu ɗa guda uwa ke haifa a shekara, kuma in an firgita su da haske ko hayaniya ɗan yakan faɗo. Kada a dalle su da tocila. In ana son sanin yawansu, a zauna gefen bakin kogo da magariba, a riƙa jan layi ɗaya a takarda duk lokacin da kimanin 10 suka fita.

Akwai halittun da ba su taɓa fita ba. A ruwan ƙarƙashin ƙasa na Sulobeniya akwai wata farar dabba siririya mai ƙananan ƙafafu, tsawonta bai cika wuce santimita 30 ba, fata ta rufe idanunta, tana iya shekaru ba ta ci abinci ba. A Meziko akwai kifin kogo marar ido. In ka ga farin ƙwaro mai dogayen ƙafafu a can ciki, kada ka kashe, kada ka sa a kwalba. Ɗauki hoto da fensir a gefensa don a gane girmansa, ka rubuta lambar tashar da ka gan shi, ka kai wa malaman jami'a, misali Jami'ar Jos.

Barin jemage a wurinsa kariya ce gare ka kai ma. Ƙurar busasshen kashinsa tana iya ɗaukar ƙwayar cutar huhu mai sa tari da zazzaɓi, don haka a rufe hanci da baki, kada a tayar da ƙurar. Wasu jemagu suna ɗauke da cututtuka masu kisa: a 2008 wata 'yar yawon buɗe ido daga Holan ta rasu da cutar Marburg bayan ta shiga wani kogon jemagu a Uganda. Kada a kama jemage da hannu. In ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, a tafi asibiti a ranar. Wanda ya yi zazzaɓi cikin makonni 3 da fitowa ya gaya wa likita cewa ya shiga kogo.

Aikin aji

Ku kasu uku-uku. Ku ari tef a wurin magini, ku yi amfani da kamfas ɗin waya tun da a sarari kuke. Tasha ta 1 ita ce ƙofar aji. Ku zagaya ginin da tasha 5 ko 6 har ku dawo ƙofar, kuna maimaita kowace lamba da ƙarfi, sannan ku zana a takarda ku ga ko layin ya haɗu.

Na gida kuma: an auna gaɓa 3 a wani kogo. Ta farko mita 12, gangare 90, ƙasa. Ta biyu mita 8, gangare 30, ƙasa. Ta uku mita 6, gangare 30, sama. Mita nawa tasha ta 4 take ƙasa da bakin kogon?